Kalmar da Yaya Take Nema

Yayata tela ce. Karatunta bai wuce firamare ba, kuma abin bai taɓa damunta ba sai da ɗanta ya dawo daga jami'a ya kulle kansa a ɗaki. Ba ya magana, abinci sai an yi da gaske. Muka kai shi asibiti, likita ta tambaye shi me yake ji, ya zuba mata ido kawai. Ta ce mana in bai faɗi abin da ke cinsa ba, ita ma lalube za ta yi ta yi.

Yaron nan tun yana ƙarami ba shi da aboki sai littafi. Sai Yaya ta sa a ranta cewa maganarmu ta gida ce ba ta kai masa. Ta kwance kwalin littattafansa, ta ajiye ɗaya kusa da keken ɗinki. Ta ɗan taka keke, ta tsaya ta bi layi da yatsa. In ta ci karo da kalma mai nauyi, sai ta ruga wurin wani tsohon malamin makaranta da ke zama a ƙofar shagonta.

"Malam, mene ne taraddadi?"

Ya yi mata bayani, ya ce ta riƙa sa kalmar a magana, in ba haka ba za ta gudu. Mu muka sha! Zare ya ƙare, wai tana cikin alhini. An ɗauke wuta, ta shiga ɗimuwa. Na ce, "Haba Yaya, ai sai a ce ke ce marar lafiyar." Ta ce in rufe mata baki. Ina tsokanarta, amma wallahi tsoro nake ji, don yaron kullum ƙara ramewa yake.

Kullum da yamma sai ta durƙusa a bakin ƙofarsa da kalmar da ta samo.

"Babana, zulumi ne? Kamar kana jiran mugun labari?"

Sai ta gwada wata.

"To ƙunci ne? Kamar ƙirjinka ya yi maka kaɗan?"

Ranar da ya amsa ina tsaye a bayanta. Muryarsa ta fito a dishe.

"Umma, ki bari. Na riga ki dubawa. Babu sunan abin nan a littattafan."

Na fashe da kuka, na ce mu gode wa Allah, ko ba komai ya yi magana. Yaya ta dafa bango ta miƙe.

"A nasa littattafan ne babu," ta ce min. "Gobe ki raka ni laburare."