Kaset ɗin Gayyar Mandera

Shekara da shekaru, in dai maganar fim ce a layin teloli na Bodinga, bakina ne ke yanke hukunci. Ni na fara ajiye talabijin da bidiyo a shago, a kan wani tsohon tebur da ke gaban kekena, sai shagon ya koma majalisa. Ƙafata tana kan keke, idona rabi a allura rabi a talabijin, bakina kuwa ba ya hutawa. Na taɓa ɗinke wa mutum bakin aljihu ruf saboda jarumi ya shiga faɗa, kuma da mai rigar ya zo sai na nuna masa ai laifin yadinsa ne.

Ra'ayoyina ba su da yawa, amma na riƙe su gam. Finafinan Indiya na zamanin kaset su ne fim a wurina. Awa uku cur, a yi kuka, a yi rawa a kan dutse, a rabu da uwa tun ana yara, a sake haɗuwa da ita ta yi furfura. Ba wanda ke jin yaren a cikinmu, amma ni ke fassarawa, kuma ba mai ƙaryata ni. Da na Hausa suka shigo na yi musu tsiya iya tsiya, daga baya na koma ni ke fara tambaya ko sabo ya fito. Na yanzu da ake tura wa mutane a waya kashi-kashi kuwa, har gobe ina cewa labarin wuni ɗaya ne ake ja kamar roba. Wannan kam ban janye ba.

Abin da na fi rainawa shi ne kaset na wasan makaɗa. Hoto yana rawa, mai kyamara ya bi hular wani attajiri ya manta da mai waƙa, maroƙi ya cika lasifika da ihu. Na fi matsa wa masu amshi, waɗanda a wajenmu ake ce wa 'yan karɓi. Nakan ce ban ga sana'ar da ta kai tasu sauƙi ba, wani ya faɗa kai ka maimaita. Ina faɗin haka alhali mahaifina ɗan karɓi ne.

Manomi ne a Mandera, gero da damina, albasa da rani. Amma in an yi gayya, yakan bi wani makaɗin noma, ya tsaya a bayansa cikin mutum huɗu masu karɓi. Tun da na bar ƙauye na koyi ɗinki nake ɓoye wannan. In aka tambaye ni sana'ar babana sai in ce noma kawai.

Wata damina aka yi babbar gayya a gonar wani mai hali, har ya ɗauko mai kyamara daga Sakkwato. Kaset ɗaya aka ba uban kiɗin, shi kuma da yake ba shi da abin kallo, ya miƙa wa babana, tunda ɗansa yana da shi. Ranar kasuwa da hantsi sai ga Baba ya sauko daga bas, kaset ɗin a naɗe cikin ɗankwalin Inna. Shago a cike, muna tsakiyar fim. Ya yi sallama, abokaina suka russuna suka gaishe shi, ya zauna a ƙarshen benci ya jira har fim ya ƙare.

"Ka aza muna wanga mu gani," ya ce. "An ce ina ciki."

Na saka, amma ban ajiye rimot ba. Da ganguna suka fara sai na ji kamar kowa ni yake kallo. Na danna gaba. Manoman da ke cikin hoton suka shiga gudu da garmunansu kamar tururuwa, abokaina suka fashe da dariya. Don kada wani ya riga ni, sai na saki maganata ta kullum, cewa ga masu aikin sauƙi nan, a faɗa su maimaita. Wasu suka yi dariya, waɗanda suka gane ko wane ne ke zaune suka sunkuyar da kai.

Baba bai ɓata rai ba. Idonsa na kan talabijin ya ce, "Ba maimaitawa ta kaɗai ba. In uban kiɗi yay yi tuntuɓe, ko numfashi yaƙ ƙare mai, mu ka ruhe wurin, kowa bai sani ba."

Na ce to, na cire kaset ɗin, na ce jama'a suna jiran wani fim. Ban ma kai wurin da aka nuno shi ba. Ya ce in ajiye masa tunda ƙauye ba bidiyo, wata rana Inna ta zo ta gani. Ya ninke ɗankwalin ya sa a aljihu ya tafi.

Bayan wasu watanni na karɓo hayar wani fim ɗin Indiya da ya shiga raina, na so in kwafa kafin in mayar. Na aro bidiyon maƙwabcina, na duba ba ni da sabon kaset. Sai idona ya kai kan na Baba. Akwai wani ɗan haƙori a jikin kaset da ake karyewa don kada a ɗora wani abu a kai, kuma na wannan an karye shi. Na san abin da hakan ke nufi sarai. Na yanko salatif na toshe ramin. Ba kuskure ba ne, da hannuna da hankalina na yi, ina gaya wa kaina ai ba zai tambaya ba. Bai taɓa tambaya ba kuwa, har Allah ya karɓi ransa.

Da Inna ta fita takaba, ta zo Bodinga ta kwana biyu a gidana. Wata safiya ta biyo ni shago, abin da ba ta taɓa yi ba. Lokacin an koma faifan sidi, bidiyon yana ƙarƙashin tebur cikin ƙyallaye. Ta zauna a ƙarshen bencin nan, ta ce kaset ɗin malam, wato Baba, take son gani. Na fara cewa bidiyon ya lalace, ta ce za ta jira a gyara. Sai na ce zafi ya narkar da zaren kaset ɗin tuntuni. Ƙaryar ta fito mini sumul, kamar fassarar da nake yi wa abokaina.

Ta murza gefen mayafinta.

"Ba komi," ta ce. "Ai ya ba ni labari tun rannan. Yac ce kun kalle shi har ƙarshe kai da abokanka, har kam maida baya sau biyu wurin da anka nuno shi. Yac ce kac ce muryatai ta hi ta kowa hita."

Ban iya ɗaga kai ba. Kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba, kuma har yau ba ta sake ni ba. Na kama wata riga na yi ta warware ɗinkin da ba abin da ya same shi, har Inna ta tashi ta koma gida.

Na rufe shago da rana tsaka, na ciro bidiyon, na goge kansa, na saka kaset ɗin. Fim ɗin yana nan lafiya lau. Na danna gaba har jarumi ya gamu da uwarsa, sunaye suka wuce, hoto ya yi yayyafi. Sai ga gona. Abin da ya rage bai kai minti ɗaya ba. Mai kyamara ya riga ya sauke hannu, ƙafafu kawai ake gani a cikin kunyoyin gona da bakin garma, ganga na tashi, 'yan karɓi huɗu suna ɗauke da waƙar tare.

Na maida baya sau biyu, kamar yadda ya gaya mata na yi. Na maida sau goma. Har yau ban iya ware muryarsa daga cikin huɗun ba.