Mai Akwatin Sanyi

A ƙofar asibiti wata 'yar firit take tsaye, ko kafaɗar mai gadi ba ta kai ba. Takalminta ya cinye ta gefe guda, idanu sun faɗa, da gani ita da barci sun daɗe da ɓatawa. Irin 'ya'yan nan ne da uwa ta gaji da ce musu su zauna su ci abinci. Tana rungume da akwatin sanyi kamar jariri.

Mai gadi, ƙato mai sabon kaki, yana cewa doka ce, sai ya buɗe ya laluba.

"Baba, ba kayan talla na ɗauko ba," in ji ta. "Saƙo ne muka haɗa wa jiki a ɗakin bincikenmu. In an yi allurarsa, jini zai gane ciwon daji ya far masa. Na mutum guda ne, yana sama a kwance. Wata huɗu muna kansa, kuma ɗumin hannunka kaɗai ya isa ya kashe shi."

"'Yar nan, ko ke kika haifi likitoci, sai na gani."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye akwatin a tsakiyar ƙofa, ta zauna a kai, ta harɗe ƙafa. Layi ya tsaya cak, ana ta tsaki.

"To kira wanda ya ba ka dokar. Ƙanƙarar ciki awa guda ta rage mata. In ta narke, kai za ka hau ka gaya wa matar mara lafiyar."

Ƙaton ya dubi tafin hannunsa, ya dubi bene, ya matsa gefe.