Ni Na Hana Baba Kiran Shaidu

Ina ɗan shekara huɗu mahaifina ya rasu, amininsa ya ɗauke ni riƙo, Baba nake ce masa. Baduku ne a Dala, Allah bai ba shi haihuwa ba, ni kaɗai ne a gabansu shi da matarsa Inna. A shagonsa na ƙofar gida na koyi yankan fata, nan kuma nake kwana. Wallahi har na kai ashirin ban taɓa jin ni bare ne ba.

Da jikinsa ya fara ƙi, sau biyu yana cewa in kira masa liman da mai unguwa, zai yi wasiyyar shagon nan nawa ne. Na farkon na ce ya daina yi wa kansa fatan mutuwa, Allah ya ja kwana. Kunya nake ji, kada a ce zaman jiran kayansa nake. Ya yi dariya ya ce yaro dai yaro ne. Na biyun na ce a bari ya warke tukuna. Bai warke ba.

Bayan arba'in ƙannensa suka zo da malamin rabon gado. Ba wanda ya zage ni fa. Ni ma aka miƙa wa bakin igiyar awo na riƙe, aka auna shagon da nake kwana. Malam ya karanto sunayen magada, ina ta jiran nawa har ya rufe takarda. Inna ta ce ai marigayi ya yi niyyar ba ni, malam ya ce niyya ba wasiyya ba ce, riƙo kuma ba ya jawo gado, sai dai in magada sun ga dama. Kowa ya sunkuyar da kai. Aka sayar da gidan, Inna ta koma wajen danginta a Gwale, ni na kama ɗakin haya. Ran sallah in na sauko daga idi, rasa gidan da zan nufa nake.

Zaman kaɗaicin nan ne ya sa na duƙufa kan karatun gado da kaina, littafi da waya, ga tambayar malamai. Ashe ana iya yi wa ɗan riƙo kyauta ya karɓa tun mai ita yana da lafiya, ko wasiyya har kashi ɗaya cikin uku. Shari'a ba ta cuce ni ba, ta bar mini ƙofa, kunyata ce ta rufe.

Don Allah masu riƙo, ku yi tun da ƙarfinku. Ku kuma 'yan'uwana 'yan riƙo, in an ce ku kira shaidu ku tashi ku kira. Kiran shaidu bai taɓa kashe kowa ba.