Hannun da ba zai shiga kwanona ba

A layinmu na Fagge, shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa gari, ciyayya muke yi. Bayan magariba kowane magidanci zai fito da kwanonsa ƙofar gidan wani dattijo, a shimfiɗa tabarma, a haɗa hannu. Ni tela ne a lokacin, sabon ango, bakina ya fi almakashina kaifi.

Cikinmu akwai wani ɗan kwangila da ya yi sabuwar mota. Duk layin babu wanda bai hau ba.

Maƙwabcina kuma Bayarabe ne mai sayar da atamfa, sahunmu ɗaya a masallaci. 'Yarsa tana koyon buga tafireta a Sabon Gari. Wata rana ɗan kwangilar nan ya ce ta shigo ya rage mata hanya, ya wuce da ita gidan da yake ginawa a Kwaciri, ya yi mata fyaɗe. Yarinyar ta gaya wa uwarta, kafin la'asar zance ya cika layi. Uban ya rasa inda zai sa kansa, ya ce ta bar makarantar, ranar Asabar zai mayar da ita garinsu.

Ɗan kwangilar bai fasa fitowa ciyayya ba, mu ma ba mu fasa matsa masa wuri ba. Idan ya tashi sai mu hau shari'a. Har yau ina jin kunyar abin da na faɗa: “Ita me ya kai ta shiga motarsa?”

Na maimaita a gida, ina jiran a yaba mini hikima. Matata ta ajiye ludayi ta dube ni.

“Malam, kai sau nawa ka shiga motar nan?”

Kafin in buɗe baki ta ɗora:

“Yarinya tana ɗaki ko ruwa ba ta sha, shi yana waje yana cin miyata. Wallahi ba zan ƙara dafa abin da hannunsa zai shiga ba.”

Na so in yi fushi, na rasa ta inda zan kama. Tuwon daren ta ba ni, amma da sharaɗin kada ya taɓa. Da mutumin ya miƙo hannu, sai na janye kwanon, na ce, “Alhaji, ban da kai.” Ya yi dariya yana duban sauran. Dattijon ya rufe nasa kwanon, sauran ma suka bi. Ɗan kwangilar ya tashi ko takalmi bai saka daidai ba.

Daga nan dattijon ya ja mu gidan maƙwabcina, ya ce masa, “Kunyar tamu ce, mu da muka ci da shi. Kada ka kore ta, gobe tare za mu kai ƙara.” Uban ya fashe da kuka.

Shari'ar ta ja, ban kuma ce ta yi yadda muka so ba, mutumin dai ya bar unguwar. Asabar ta wuce yarinyar tana gida. Ranar Litinin ina buɗe shago ta fito da littattafanta, uwarta na biye da ita. Ta tsaya ta ce, “Ina kwana, Baba tela.” Na amsa kaina a ƙasa, ita kuwa ta miƙe hanyar Sabon Gari.