Fuskar da Na Goge a Doha

Ladan bai sauke kiran assalatu ba muka bar gida, ni da maiɗakina, muka nufi filin jirgi. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, likita ne a Doha, shi ya gayyace mu. Muna sauka wani zafi ya tarbe mu, irin wanda ko Sakkwato sai ta sara masa. Titi sumul, ba rami, ba ɗan acaɓa. Direban da ya ɗauke mu Bakatsine ne, amma kowace magana sai ya rufe ta da "khalas", wato "shi ke nan" da Larabci. A hanya ya tsaya muka sha shayin karak, kofi riyal ɗaya, na sha uku ban ji kunya ba.

A gidan Kawu da ke Al Aziziya akwai ɗakin da raina bai kwanta da shi ba. Sanyi ƙalau, labule a sauke, ga faifan katako jere da kuɗin tagulla na Rumawan dā. Kowane kwabo da kan wani sarki, ya yi kore shar, kusan duka sun juya gefe guda kamar masu sauraron wani da ban gani ba. Kawu ya ce a zamaninsu akan sa wa mamaci ɗaya a baki kafin a binne shi. Nan take na mayar da hannuna aljihu.

Gurbi ɗaya ne fanko a jeren. Shekara da shekaru Kawu yana neman kwabon wurin, ga shi ya iso hannun wani dattijo a kasuwar Souq Waqif, amma aikin asibiti ya riƙe Kawu.

"Ɗana, ka karɓo min gobe. Amana ce fa."

Da hantsi muka shiga kasuwar, muka ratsa lungunan turare da dabino, 'yan dako na tura baro suna "yalla, yalla". Shagon dattijon yana can ƙurya, shiru kamar ba a kasuwa ba. Bai ko ɗaga kai sosai ba, ya miƙo min abin a naɗe cikin auduga.

A gida na buɗe, raina ya ɓaci. Fuskar wani saurayi ce, da ƙyar ake ganinta saboda tsatsa. Mu da aka raine mu a kan ba a miƙa wa babba abu da dauɗa, ina ni ina kai wa Kawu wannan? Maiɗakina ta yanko lemon tsami, ta ɗebo toka daga kaskon turare, yadda ake wanke tasa a gidanmu. Na zauna na dirza da zuciya ɗaya.

Koren ya fita, ruwan ya yi wani irin ƙarni. Da na ɗauraye, sai ga jan ƙarfe yana ƙyalli, ba hanci, ba ido, ba rubutu. Ashe tsatsar ce ke riƙe da fuskar.

Kawu ya dawo bayan la'asar. Ya daɗe yana juya kwabon a tafinsa, da ma zagina ya yi da na fi jin daɗi.

"Ka san ko wane ne? Wansa ne ya sa aka kashe shi, sannan ya ce a kankare fuskarsa daga duwatsu, a narkar da kuɗinsa, kada a sake tuna shi. Wannan ya tsira." Ya dube ni. "Kai ka ƙarasa masa aikin."

Na durƙusa na ba shi haƙuri, ya ce ya yafe, na kuma san da gaske yake. Amma har muka baro Doha bai ƙara buɗe ɗakin nan a gabana ba. Ranar tafiya ya danƙa min kwabon, ya ce in tafi da shi.

Mun dawo gida lafiya, alhamdulillahi. Abin da na koya shi ne, kafin ka gyara kayan wani, tambaye shi. Kwabon yana cikin durowata. Jiya na duba, na ga kore ya fara tsirowa, ɗigo ɗaya tak, daidai inda idon yake. Na rufe durowar, ban gaya wa maiɗakina ba.