Ƙafar Kaza Ta Warke, Tawa Ta Ruɓe

A lokacin da abin nan ya same ni, ni magidanci ne mai mata ɗaya da 'ya'ya uku a cikin garin Birnin Gwari, sana'ata kuma sayen masara. Da mashin nake bin ƙauyukan Kuyello, in ɗauro buhu biyu a baya in kawo gari. Ƙafata ce jarina, da ita nake tayar da mashin, da ita nake tokare ƙasa in hanya ta yi santsi. Edita, na rubuto muku ne don abin ya daɗe yana cin raina, a danginmu kuwa babu wanda zan faɗa wa ya saurara.

Wata damina na shiga wani kwazazzabo da kaya, tayar baya ta zame, mashin da buhunan suka danne mini ƙafar dama. Idon sawuna ya karye har ƙashi ya ɓullo waje. Aka bi ayarin motocin da sojoji ke rakawa aka kai ni Kaduna. Likitoci suka yi mini tiyata, suka haɗa ƙashin da ƙarfe da kusoshi, suka ɗinke, aka naɗe ƙafar da farin simintin nan na asibiti aka bar 'yar kafa ta wankin ciwo. Likitan ya ja mini kunne, ya ce kada ƙafar nan ta taɓa ƙasa sai ya sake ɗaukar hoto ya gani da idonsa. Na ce to, na dawo gida da sanduna biyu.

To ka san dubiya a wajenmu, kowa ya shigo da lemonsa da likitancinsa. Wanda bai taɓa ɗora ko ƙafar akuya ba sai ya zauna a bakin katifata, ya ƙwanƙwasa simintin, ya girgiza kai. Uban tafiyar shi ne kawuna, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Mutum ne da tun da aka haife shi bakinsa bai taɓa furta ban sani ba. Ya ce wai tun kaka da kakanni ba a taɓa jin an buga wa ɗan Adam ƙusa kamar ƙyauren shago ba, wai ƙarfen sanyi zai riƙa tara mini har in mutu, kuma hanyar Kaduna ba kullum take biyuwa ba, in na ce sai na koma to 'yan daji zan kai wa kaina. Wannan ta ƙarshen gaskiya ce, ita ta ba sauran shirmen wurin zama. Bai nemi shawarata ba, sai ganinsa na yi da wani maɗori daga Tabanni.

Maɗorin bai ko tambayi abin da aka yi mini a asibiti ba, yana ta tauna goronsa. Ya sa wuƙa ya tsage simintin, ya kwaɓa man shanu da wani baƙin gari ya lafta a kan ɗinkin da bai gama kamewa ba, ya murza, ya ja, har sai da na ga duhu. Ya jera karan dawa ya ɗaure da tsumma. Sannan ya sa aka kamo kaza, ya ɓalla ƙafarta a gabana, ya ɗora ta da tsinke, ya ce an ƙulla ƙafata da tata, ranar da ta taka ni ma in taka. Matata na tsaye a bakin ƙofa, ta ce a hankali likita fa ya hana. Kawu bai ko dube ta ba, ni ya tambaya tun yaushe mata suka fara sa baki a maganar ɗori a gidan nan. Ni kuwa, ƙato da ni, da gemuna, na sunkuyar da kai na ce Allah ya huci zuciyar Kawu.

Daga ranar jinya ta koma kan kaza. Wallahi an fi kula da ita. Aka kife ta da kwando a inuwa ana watsa mata tsaki, masu dubiya su fara leƙa ta kafin su shigo wurina. Ƙafata na zogi, tana wari, tsumman na jiƙewa, in na yi magana Kawu ya ce ai mugun jini ne ke fita, magani na aiki. Ranar da kazar ta fara ɗingishi a tsakar gida har guɗa aka yi. Kawu ya zo ya karɓe sandunana da hannunsa, ya ce in miƙe, kada in bari kaza ta fi ni zuciya. Na miƙe. Na ji wani abu ya ce ƙas a ciki, na zube, ɗinkin ya buɗe, mugunya ta tsarto har kan rigarsa. Ko a nan bai ji kunya ba, cewa ya yi jiki ne ke ƙin ƙarfen asibiti, da ma ya faɗa.

Zazzaɓi ya rufe ni har ba na gane mutane. Matata ce ta ajiye kunya ta je ta samu yayanta direban babbar mota, suka shimfiɗa ni a kan buhunan masara, sai Kaduna. Likitan da ya kwance tsumman bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Kawar da kai ya yi, ya ce kusoshin sun ɓalle daga jikin ƙashin, ciwon ya ci har ciki, in bai ji magani ba sai an yanke daga ƙasan gwiwa. Na yi watanni a gadon nan ana kankare ƙashi, ana allurai, kullum ina kallon 'yan yatsuna ina tunanin ko gobe suna nan. Allah ya yi ƙafar za ta zauna, amma sai da aka cire ƙarfen aka haɗe gaɓar ta zama ƙashi ɗaya. Ba ta lanƙwasuwa, kuma ba za ta ƙara ba. Na sayar da mashin, yanzu awo nake yi da tiya a bakin kasuwa, a zaune kan benci.

Da na dawo na je gaida Kawu. Ƙafar da ba ta lanƙwasuwa ba ta tsugunno, sai na dafa bango na gaishe shi a tsaye. Ya amsa a daƙile. Kafin in ankara labari ya zaga dangi, wai na je birni na koyo rashin kunya, ina gaida uba a tsaye kamar soja. Har yau bai tambaye ni ya ƙafa ba. Maɗorin ma na ji yana nan yana karya kajin mutane.

Ban ce duk maɗora haka suke ba, na san waɗanda aka yi wa ɗori suka tashi. Amma na gane girma daban, sani daban, kuma duk mai ba ka shawara a bakin katifa da ƙafafunsa biyu yake komawa gida. Wanda aka yi wa aiki aka sa masa ƙarfe, don Allah kada ya bari kowa ya kwance masa, ko da wanda ya goya shi ne. Ka ce a'a, a kira ka marar kunya. Ni gudun sunan na yi, ga shi an kira ni da shi, idon sawun kuma ya tafi.