Hannun da Gide Ya Ƙi Ɗaurewa

Duk baƙon da ya zauna a rumfar mahauta ta kasuwar Yankara aka ɗauko hirar dambe, sunan Bilya zai fara ji. Za a faɗa masa yadda yake tsalle da yadda yake kai naushi, har wani tsoho ya miƙe yana gwadawa, rigarsa na harɗe shi. Gide kuwa, wan Bilya, sai dai a ce, "Ai shi ma ya taɓa." Wannan magana tana ƙona mini rai. Gonata tana iyaka da tasu, tare muka tashi, don haka ni zan faɗi nasa.

Ubansu, Baba Nata'ala, mahauci ne kuma ɗan dambe, kamar yadda ya gada. Dokarsa ɗaya ce. Ba a dambe sai an kai amfanin gona gida, kuma ranar da ruwan farko ya sauka, a wanke zare a rataye shi cikin rumbu. Zaren nan shi ne igiyar da ake naɗe hannun bugu da ita a kan ƙyalle, har dunƙulen ya yi tauri kamar dutse. Mai kallo yana ganin abin da dunƙulen ke yi wa fuskar wani, ba ya ganin abin da yake yi wa ƙasusuwan da ke cikinsa. Tsohon yakan ce rani ke fasa hannu, damina ke gyara shi, domin watannin da mutum zai yi yana riƙe da fartanya sun isa duk wata tsaga ta haɗe.

Gide ba shi da baiwa, kada in yi ƙarya don ina son sa. Ƙafarsa da nauyi, kuma kafin ya kai naushi kowa ya san inda zai sauka. Abin da yake da shi naci ne. Da asuba zai ɗauki cinyar bijimi a kafaɗa daga mayanka zuwa kasuwa, ya ƙi jaki. Ba ya shan taba, ba ya zaman dandali. In ya shiga fili sai ya miƙa hannun hagu ya tsare gabansa, ya yi ta jira har abokin karawarsa ya gaji ya yi sake. 'Yan kallo suna hamma, amma da wuya ka ga gwiwarsa ta taɓa ƙasa, wanda a dambe shi ne faɗuwa.

Bilya kuwa Allah ne ya ba shi. Ban taɓa ganin ya motsa jiki ba. Barci yake yi har rana ta take, ya tashi ya ci tsiren da wansa ya gasa, ya tafi fili yana dariya. Amma da kalangu ya kira shi sai ya zama wani mutum. Ba ka ganin fitar hannunsa, sai dai ka ga ƙato a zaune yana neman inda gabas take. Ni kaina na sha yin ihu har muryata ta dushe.

Da tsohon ya rasu, ɗaurin hannun Bilya ya koma wajen Gide. Ba ƙaramin aiki ba ne. In ya yi sako-sako yatsu su goce, in ya yi tsauri jini ya tsaya. Gide yakan murza kowane yatsa tukuna, ya naɗa a hankali yana tambaya, "Ya yi tsauri?" Da an gama wasa kuma shi ne mai rugawa ya kwance tun kafin a gama guɗa.

Sai kuɗin man fetur suka zo ƙasar. Shekarun nan kowa ya rikice. Samari suka watsar da gona suka tafi leburanci Kaduna, aka fara rufin kwano, rediyo ya shiga kowane zaure. Wani ɗan kwangila mutumin Kankara, Alhaji Rabo, ya kewaye fili da kwano a birni, ya sa mai tsaron ƙofa, ya ce dambe kullum, rani da damina. Ya zo har rumfarsu da motarsa ya ce yana son su duka biyu.

Gide ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri. Hadari ya hwara haɗuwa, zarenmu na cikin rumbu."

Alhaji ya yi dariya ya ce a birni rumbu ba ya hana kowa cin abinci. Bilya ya shiga gaban mota ko waiwaye bai yi ba. Damina biyu Gide ya noma gonar shi kaɗai, ina ganinsa daga tawa. Labari na zuwa cewa Bilya ya gagari kowa, Gide ya ce madalla, ya ci gaba da sunkuyo. Sau ɗaya kawai ya ɗago ya tambaye ni, "Wa ka ɗaure mashi hannu can?"

Bayan kaka ta biyu aka sa dambe a Damari, aka ce Bilya zai zo. Mutanen Faskari da Sabuwa suka cika garin, ni ma na bi Gide. Bayan la'asar sai ga Bilya a kan sabon babur, da agogo da tabarau, ya yi ƙiba. Ya rungume wansa, suka zaga bayan wata tsamiya, ya miƙa masa hannun dama kamar yadda suka saba.

Gide ya murza yatsa na farko, ya murza na biyu. Da ya danna bayan hannun sai Bilya ya ɗauke numfashi, gumi ya karyo masa. Gide ya sake dannawa a hankali. Ni da ke tsaye gefe na ga wurin ya kumbura.

"Tun yaushe?" in ji Gide.

"Ba komi ba ne, Yaya. Ɗaure kawai."

"Ƙashi ya tsage, Bilya. Ban ɗaure wannan hannu. Ka bari ya sha damina guda, in Allah ya kai mu baɗi ni da kaina zan kai ka hili."

A daidai lokacin makaɗa suka ɗauki taken Bilya, fili ya ɗauki sowa. Wanda bai tashi cikin mahauta ba ba zai gane nauyin wannan ba. In an kira takenka a gaban jama'a ka ƙi fita, har jikokinka sai an yi musu gori.

Gide ya ce, "Bari in shiga madadinka. Gida ɗaya muke, ba wanda zai ce mun gudu."

Bilya ya fizge hannunsa. "Kai? Mutane sun baro garuruwansu su kalli ka tsaya kamar turke? Baƙin ciki kake da ni, Yaya, tun muna yara."

Na so in kwaɗa masa mari, wallahi. Gide ya naɗe zaren ya sa a aljihu, yana ganin in babu mai ɗauri babu dambe. Nan ya yi kuskure, don a birni kowa ma ɗauri yake yi. Direban Alhaji, wanda ya biyo Bilya garin, ya fito da wata igiyar roba daga mota, ya naɗe hannun, ya sa ƙafa ya ja iya ƙarfinsa. Bilya ya girgiza dunƙulen ya ce ko kaɗan ba ya jin ciwo. Ina zai ji, hannu ya mutu da tsauri.

Abin haushi, ranar ya yi damben da bai taɓa yin irinsa ba. Ya zubar da na farko, ya zubar da na biyu, bai bari an kwance ba tsakani don kada ciwon ya dawo. Aka ɗauke shi a kafaɗa aka zaga gari da shi. Gide yana bin taron a guje da wuƙarsa ta fawa, yana roƙo a sauke shi ya yanke igiyar, ana ture shi, wasu na cewa hassada ce. Sai da aka kira magariba ya kai gare shi. Da igiyar ta faɗi, hannun ya yi baƙi, yatsun sun lanƙwashe ciki.

An kai shi wajen maɗori, an kai shi asibiti a Funtuwa. An ceci hannun daga yankewa, amma yatsun ba su sake buɗewa ba, ba su kuma iya riƙe ko cokali. Alhaji Rabo ya aiko da gaisuwa, ya samo wani yaro daga wani gari.

Mutanen Yankara, da ba sa rasa abin faɗa, suka juya kan Gide. Wai da shi ya ɗaure da gwanintarsa, da hannun bai mutu ba. Na yi faɗa da mutane da yawa a kan wannan, har na daina gaisawa da wasu. Amma abin da ya fi damuna, Gide da kansa bai taɓa kare kansa ba. Wata rana muna zaune a kan iyaka ya ce da ni, "Da na ɗaure, ƙashin ya ƙarasa karyewa. Da na ƙi, ga abin da ya hwaru. Har yau ban san wanne ya hi ba." Bai ƙara shiga fili ba, ko kallo ba ya zuwa.

Bilya ya yi rani guda a ɗaki, ba ya son a gan shi. Da damina ta kama aka shiga noman farko, ina gonata da safe sai na hango su biyu suna tahowa. Suka tsaya a gindin ƙirya. Gide ya fito da zaren nan na ubansu daga aljihu, ya cusa ƙotar fartanya cikin lanƙwasassun yatsun Bilya, ya shimfiɗa ƙyalle, ya fara naɗawa a hankali, irin naɗin da yake yi masa a bakin fili. Na sunkuyar da kai kamar ina cire ciyawa, hawaye na zubo mini.

Na ji Gide ya ce, "Ya yi tsauri?"

Bilya ya daɗe yana kallon hannun. "Ban jin komi, Yaya."

Gide ya sassauta shi kaɗan duk da haka, ya ƙulle, suka kama kunya ɗaya suna nomewa.